Jinyar Tulu Daga Ƙasar Kano

Tun da na dawo kun hana ni sakat. A ƙofar masallaci tambaya, a bakin rijiya tambaya, jiya har Gambo mai kilishi ya riƙe mini hannun riga wai sai na gaya masa ko gaskiya ne 'yan matan ƙasar Kano da shuni suke wanka. To ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya makara ya tambayi na kusa da shi.

Ku fara sanin ni ban ce zan je ba. Ina kwance a zaure ina huce gajiyar aikin da ban yi ba, Kawu Maina ya shigo ya zungure ni da ƙafa, ya ce in tashi in ɗaura wa Duna akumari. Duna jakinmu ne. Na ce, "Kawu, ina muka nufa?" Ya ce in na ga ƙasa ta koma ja na sani.

Dalilin kuwa kun san rabinsa, tunda hancinku ya sha. Ramukan rininmu biyu da ke bayan gida, jikin katanga, gadon kakana, tun bara suka mutu. Ku da ba marina ba, ramin rini rai gare shi. In yana da lafiya za ka ga kumfa a samansa tana ƙyalli kamar tagulla, warinsa kuma irin na daddawa ne, mai ɗan daɗi in ka saba. Namu kuwa sai ka tsoma farin ƙyalle ya fito kamar an goge tukunya da shi. Kawu ya yi ta magani. Maganinsa kuma guda ne. Kun san mu jinin Barebari: jaki ya yi tari, kanwa, ciki ya kumbura, kanwa, wake ya ƙi nuna, kanwa, taba ta yi lami, kanwa. Kullum da safe sai ya je bakin ramin ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya watsa hannu guda. Ramin yana ƙara suma, shi yana ƙara hannu.

Sai mai unguwa ya aiko cewa maƙwabta sun gaji da ɗoyi, in damina ta faɗi ramukan ba su tashi ba, a cike su da ƙasa. Kawu ya rantse a gaban mutane in aka cike ramin ubansa ba zai ƙara kwana a Birnin Damagaram ba, Tirmini zai koma ya kama hauya. Da ni. Ku dubi tafin hannun nan, don Allah. Ya yi muku kama da na hauya?

Shawarar da ya yanke ita ce mu je Ɗan Marke, wani ƙauyen marina a ƙasar Kano, inda ya yi koyon rini yana saurayi, mu roƙi tsohon maigidansa ya ɗebo mana ruwan rami mai rai a tulu, mu zo mu zuba a namu, kamar yadda mata ke zuba ɗan tsohon nono a madara don ta kama. Matarsa Iya Fanna ta ɗaure mana ɓula da ƙuli-ƙuli, ta raka mu zaure. Ba ta ce komai ba sai, "Malam, a sauka lafiya." Amma na ga yadda ta numfasa da muka juya, irin numfashin wanda aka sauke wa kaya.

Tirmini muka fara yada zango, gidan Gwaggo Yagana ƙanwar Kawu. Ta ɗauke ni ta nuna mini gonar da za mu gada in abin ya ƙi. Na tsaya a wannan gefe ban hango wancan ba. Ƙarangiya ce shimfiɗe kamar tabarma. Daga ranar ban ƙara cewa ƙafata na ciwo ba, ni ke gaba, Duna na bi na.

A Takeita muka shiga ayarin fatake masu kai kanwa kudu. Kawu kamar an kai kura mahauta. Kowane mangala sai ya lasa ya faɗi tabkin da aka haƙo ta. Madugun wani dogon mutum ne mai ido ɗaya, ya dube ni ya ce me nake iyawa. Na ce na yi allo. Ya ce har ina? Na ce har inda malam ya gaji. Ya ce to in riƙa koro jakunan baya, can ake ajiye masu ilmi. Ƙurar jaki talatin ko fi na sha har Kance, in na yi kaki sai ka yi gini da shi.

A Kance aka sauke mu gidan wata tsohuwa, Inna Hajo, mai sabulu. Zauren nata kuɗin cizo sun riga mu kama wuri, kuma ba su san baƙo ba. Da safe na fito ina susa na tarar da ita tana dafa kitse da ruwan toka a wata baƙar tukunya. Na tsuguna na ce, "Inna, ni abin nan ya ɗaure mini kai. Kitse ɓata riga yake, toka ɓata riga take. Yaya in an haɗa ɓarayi biyu sai a sami dogari?"

Ta ce, "Aurar da su ake yi, mijina. In toka ta fi ƙarfi, ya ci maka fata. In kitse ya fi ƙarfi, ka yi wanka ka fito kamar soyayyen ƙosai. Sai kowa ya rage hali."

Kawu yana alwala a gefe ya ce, "Da kin ɗan sa masa kanwa."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Daga Damagaram kuke ko?" Ba ta jira amsa ba ta ci gaba da tuƙinta.

Bayan Zango ƙasarmu ta ƙare. Ba wata alama, ba katanga ba kogi, sai dai gaisuwa ta canza, kuma fatake suka daina waƙa. A wani ɗan gari mai ganuwa masu tsaron ƙofa suka tare mu, Fulani ne. Babbansu ya ga zanen fuskar Kawu ya washe baki ya ce, "Yau ga bawana ya kawo kansa." Kawu ya ce, "Ina ka baro shanun ubangidanka, ɗan nema?" Aka yi dariya, aka ba mu ruwa, muka wuce. Na ce a raina ashe iyakar ba wuya. Ban san tana jiran dawowarmu ba.

Ƙasar Kano dai ja ce, kuma ba ta shan ruwa kamar rairayinmu. Itatuwa ko'ina, gari na ganin gari. Tuwonsu na dawa ne, ja, mai nauyi, ka ci loma biyar ka ji kamar ka haɗiye tubali. Furarsu ruwa-ruwa, in ka nemi ƙari a dube ka. Gaisuwa kuwa, mutum zai tambaye ka gajiya, da gida, da iyali, da kasuwa, ya sake komawa kan gajiya, kafin ya gama gajiyar ta ninku, kuma duk wannan bai ce ka shigo ba. Mu a nan kalma biyu an gama, an miƙo ƙwarya. Amma wajen neman na kai sun fi mu nesa. Na ga yarinyar da ba ta kai ƙugu na ba tana sayar da ruwan da aka dafa wake. Kowa ya ji daga Damagaram muke sai ya ja da baya kaɗan, sannan ya matso ya tambaya ko gaskiya ne a garinmu akwai bindigar da sai an ja ta da shanu. Ni kuwa na ce ƙaramar ke nan.

Tun kafin mu ga Ɗan Marke muka ji shi. Mabuga suna dukan turkuɗi a kan gungume, tim-tim, tim-tim, daga safe har la'asar, kanka ya riƙa amsawa. Kowa a garin hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, limaminsu ma. Akuyoyinsu ma da ɗigo-ɗigo. To Gambo, amsarka ke nan: ba wanka suke da shi ba, shi ne ke bin su.

Baba Ɗanjuma, maigidan Kawu, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, harshensa kuwa baƙi wuluk saboda shekara da shekaru yana ɗanɗanar rami. Kawu, mutumin da in ya yi gyaran murya a gida kaji ke watsewa, ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Tsohon ya shafa fuskarsa ya ce, "Maina mai gaggawa. Har yanzu kana cire tuwo kafin ya sulala?"

Kawu ya ba shi labarin ramukan. Ya ce baki ne ya kama su, akwai wani marini a unguwarmu da ba ya son ci gabansa. Tsohon ya ce me ya zuba musu? Kawu ya ce ganyen baba, da toka, da katsin da ake kwasowa a gindin rami, yadda aka koya masa. Ina jira in ji kanwa, ban ji ba. Na buɗe baki, Kawu ya dube ni da gefen ido, na mayar da shi hamma.

Mun daɗe a garin, don tsohon ya ce ba zai ba mu ruwan tsohon rami ba, sai sabon da aka haɗa ya balaga. Ni aka ba muciyar motsawa, sanda ce ta fi ni tsawo sau biyu. A nan na sami ɗan abin da na samu, don tsohon ba ya iya zama shiru. Ya ce shuɗin nan a cikin ganye yake kwance, ganye kuwa kore ne, ka tauna shi shekara ba ka ga shuɗi ba. In an fito da shi kuma, ba ya narkewa a ruwa, zama yake a ƙasa kamar yashi. Sai ramin ya ɗauki zafi ya fara numfashi, sannan wani abu da ke cikinsa, wanda ido ba ya gani, ya lallashe shi ya narke. Na ce, "Baba, aljani ne?" Ya ce, "In aljani ne, shi ne dai ke cikin ƙwaryar nono da tukunyar daddawa. Yana cin abinci, yana jin yunwa, yana gudun sanyi. Toka kaɗan tana tsare shi daga ruɓa. Ta yi yawa ta shaƙe shi." Ya sa na murza ruwan tsakanin yatsu biyu in ji santsinsa. Ya sa na lasa. Kwana biyu ban ji ɗanɗanon miya ba.

Ranar tafiya ya cika mana tulu har wuya, aka rufe bakin da fata aka ɗaure. Ya kama hannun Kawu ya ce, "Kada rana ta dake shi. Kada a girgiza shi, iska ce ajalinsa. In ka ga kumfar ta kwanta, ka ba shi dusa cikin tafin hannu, ka bar shi ya huta. Kada ka ƙara masa komai, Maina." Kawu ya ce ya ji.

Daga nan wahalar gaske ta fara. Zuwa tafiya ce, dawowa jinya. Muka rataya tulun a gefe ɗaya na Duna, buhun gero a ɗaya gefen. Duna kuwa in bai yi tsalle ba ba ya jin ya yi tafiya. Ni ke riƙe da wuyan tulu, Kawu ke riƙe da wuyan jaki, muna takawa kamar masu ɗauke da gawa. Ayarin da muka biyo ya gaji da mu tun kafin Kazaure, suka ce mu same su a lahira. Rana ta ɗaga, mu nemi inuwa, ba don mu ba. In inuwar ƙarama ce, tulu ne a ciki, mu a waje. Rigata ma aka cire mini aka jiƙa aka lulluɓa masa. Mutane suna wucewa suna mana sannu, wata mata har ta tambaya ko mai jego ce a ciki.

Muka iso garin nan mai ganuwa. Babban mai tsaron da muka yi wasa da shi ba ya nan, wani saurayi ne mai tsinin gemu. Ya sunsuna iska ya ce, "Me ke cikin tulun nan?"

Kawu ya ce ruwan rini.

Ya ce, "Wa ya taɓa ɗaukar ruwan rini a jaki? Giya ce. Ku Haɓen arewa ba ku tuba ba."

Ya sa aka kwance fatar, ya juya mashinsa zai zura gindin a ciki ya dama. Kawu ya rungume tulun kamar ɗansa. Na ga abin zai kai mu gaban alƙali, na yage bakin wandona na ce, "Ranka ya daɗe, tsaya ka ga giyar." Na tsoma a hankali na ɗan jima na fito da shi. Ya fito kore-kore kamar kashin agwagwa. Ya ce, "Wannan ne rinin?" Na ce ya dai duba. Na shanya shi a iska, yana kallo koren ya fara juyawa daga gefe, ya yi duhu, ya zama shuɗi a gaban idonsa. Ya yi salati.

Na ɗauka na yi dabara. Ashe na haƙa mana rami ne. Ya cire hularsa ya ce a tsoma. Abokinsa ya kawo tasa. Kafin a jima mai ƙofa ya aika gida an kawo ɗankwalin matarsa, wani ya zo da igiyar layarsa, yara sun yi layi da tsummoki. Wa zai ce a'a ga mai mashi? Kowane ƙyalle ya shiga da iska ya fita da ƙarfin tulun. Da muka samu muka tsere, kumfar nan mai ƙyalli ta kwanta, ruwan ya yi shiru.

A ƙarƙashin wata tsamiya muka sauka. Muka roƙi dusa a wani gida, Kawu ya zuba, muka rufe. Washegari ya buɗe, ba kumfa. Na ce, "Kawu, cewa aka yi a bar shi ya huta." Ya rufe. Da azahar ya sake buɗewa. Da la'asar na je ba Duna ruwa, na dawo na tarar da jakar kanwa a buɗe kan cinyarsa.

Na ce, "Kawu, Baba ya ce kada a ƙara komai."

Ya ce, "Kanwa ba ƙari ba ce. Magani ce."

"Ai ita ka yi ta ba na gida."

"Da ba don ita ba da tuni sun fi haka mutuwa. Kai da ka tara mana garin Fulani da ɗankwalayensu har kana da bakin magana?"

Nan kam ya same ni. Ya watsa hannu guda. Da muka kai Kance ya ƙara rabin hannu, wai na farkon bai ratsa ba. Inna Hajo ta leƙa tulun, ta dubi Kawu, ta ce Allah ya ba mai shi haƙuri. Kafin Takeita ƙyallen da muka gwada ya fito kamar yadda ya shiga, sai dai jiƙa da wari.

Ban taɓa ganin Kawu haka ba. Ya daina faɗa, ya daina zagin jaki, taba ma ya daina ci. Na ce mu zubar da ruwan mu huta, ya ce a'a, ba zai shiga Birni da tulu wayam ba. Haka muka ci gaba da ɗaukar mushe muna nema masa inuwa. A Tirmini, bayan an ci tuwo, na ji yana tambayar Gwaggo ko ɗakin da ke kusa da rumbu yana yoyo, kuma hauya nawa gare su. Na fita na zauna kan turmi na dubi gonar nan. Ba abin da ya zo mini na ba'a, ni da kuka sani.

Muka shigo Birni da hantsi, muka bi lungu don kada a gan mu. Tun daga kan kwanar gidan mai unguwa Kawu ya tsaya cak ya ɗaga hanci. Ni ma na ji. Ba ɗoyin da muka bari ba ne. Ya saki igiyar Duna ya zagaya bayan gida da sauri, rawaninsa na warwarewa. An rufe ramukan da tsohuwar zana. Ya yaye. Kumfa ce a kan na farkon, mai kauri, tana ƙyalli. Na biyun ma ta fara taruwa a gefe.

Ya durƙusa ya lasa. Ya yage bakin rawaninsa ya tsoma. Ya fito kore. Muka zuba masa ido, ni da shi da jaki, har ya juya.

Iya Fanna ta fito ta ƙofar baya da ƙwarya a hannu, ta yi mana sannu da zuwa. Kawu ya ce, "Wa ya taɓa ramukan nan?"

Ta ce ba wanda ya taɓa. Ita dai da ta ga an ce sun mutu, kuma za a cike su, sai ta daina wahalar kai ƙasari bakin titi. In ta wanke surfen gero, nan take juye ruwan, da tsaminsa da dusarsa. Zanar kuma don kada ɗan akuya ya faɗa ne.

Kawu ya ce, "Ƙasari. A ramin ubana."

Ta ce, "Ai ga shi bai yi fushi ba."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Muryarsa ta dawo, irin ta da. Ya ce ba ƙasari ba ne, albarkar Baba Ɗanjuma ce ta riga mu isowa, da ladar wahalar hanya. Na ce in ladar wahala ce to rabi nawa ne, ya ce in rufe masa baki. Iya ta ce ita ba ta san albarka na da warin tsami ba. Ya ce mace me ta sani a rini? Ta ce ba ta san komai ba, surfe ta sani. Suka yi ta yi, maƙwabta sun fara leƙowa ta kan katanga, mai unguwa ma ya iso yana sunsune-sunsune yana cewa ai shi dama bai so a cike ba.

Can Kawu ya sake lasar ruwan, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce ya tashi kam, amma da sauran rauni. Ya juyo gare ni ya ce, "Bukar, miƙo mini jakar nan."

Ban motsa ba. Iya Fanna ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa, ta zo ta tsaya tsakaninsa da ramin.

Ta ce, "Malam, shekara guda kana ba shi kanwa bai tashi ba. Ka ba shi baya wata biyu ya tashi. In ƙarfi kake so ya ƙara, na ji an ce a Borno ma akwai marina, kuma ta fi Kano nisa."